Ɓuntun Shinkafa Da Ɗakin Da Ba Ya Amsa Kuwwa: Wata Dama Ga Jami'ar Aliero

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega, ta gangara Maiyama, ya san wani abu da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Ina nufin tsibin ɓuntun shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa. Wani a kwasa a shimfiɗa wa kaji, wani mata masu turara shinkafa su hura wuta da shi, sauran kuwa a bar wa iska, ko a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana cin kansa yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Lokacin da aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu cikin 2017, an ce za ta iya sarrafa tan 120,000 a shekara. Ke nan idan ta yi aiki iya ƙarfinta, ɓuntun da za ta fitar ita kaɗai zai tasam ma tan 24,000, ban da na ƙananan injinan da ke fadamun Jega da ƙauyukan Maiyama.

Wannan sharar ce wasu masana a ƙasar Malesiya suka cuɗa, suka gina bangon da ke shanye igiyoyin rediyo da ita. Ni a ganina akwai aikin yi a nan ga jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Sai dai kafin a kai ga ɓuntu, dole a san abin da ake nema ya shanye, da kuma dokar da ta hana masana samun abin da suke so a saukake.

Bari in fara da suna, tunda nazarin harshe ne sana'ata. Abin da injiniyoyi ke ƙerawa domin ya shanye igiyoyin lantarki da maganaɗisu ba shi da tsayayyen suna a Hausa. Da an bi kalmar "sha" sai a ce "mashayi", amma wannan suna ya riga ya sami masu shi, kuma ba mutanen arziki ba ne. "Mashanya" wurin shanya ce. Saboda haka na zaɓi "matsotsi", daga "tsotsa", bisa tsarin da ya ba mu mabuɗi da magogi da maratayi. Kalmar "igiya" kuwa mun aro ta ne daga igiyar ruwa. Sauran kalmomin gidajen rediyo sun gama mana aiki tuntuni. Dattijon da ke murɗa akwatinsa yana neman mita 19 ko mita 31 a gajeren zango, tsawon igiya yake ambatawa, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi. Wannan tazara ita ce zango. Igiyoyin duk gudunsu ɗaya, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka gwargwadon saurin kaɗawar igiya, gwargwadon gajartar zangonta. Tashar FM da ke kan megahaz 100 zangonta mita 3 ne. Wayar salula a kan megahaz 900, santimita 33. Layin 5G da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 a kan megahaz 3,500, bai kai santimita 9 ba. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin duk maganar a kansu za ta tsaya.

To me ya sa ma za a so a shanye igiya? Mu masu nazarin furuci mun san amsar ta wata fuskar. Idan aka ɗauki muryar mutum a ɗakin siminti mai rufin kwano, bango zai maido da sautin, amsa-kuwwa ta cakuɗe da muryar, awon ya lalace. Shi ya sa ake lulluɓe ɗakin ɗaukar murya da soso, shi ya sa ma yaran da ke buɗe situdiyo a lunguna ke manna kiret ɗin ƙwai a bango, ko da yake amfaninsa kaɗan ne. Igiyar rediyo ma haka take. Tana bugun ƙarfe ta dawo, ta rikita na'urar da ta aike ta ko ta maƙwabciyarta. Lokacin da ƙasar Japan ta soma karɓar kuɗin hanya ta rediyo a 2001, sai da aka manna matsotsai a rumfunan shingayen, saboda igiyar da ta bugi rufi kan karkace ta kama motar da ke wani layin. Ƙullutun nan da mai karatu ke gani kusa da bakin wayar cajin kwamfuta, ɗan matsotsi ne, aikinsa kashe hayaniyar da ke bin waya. A cikin salula ma akwai siraran fallaye da aka liƙa don kada wani sashe ya dami wani.

Matsotsi na ƙwarai sai ya cika sharaɗi biyu, kuma manomi zai fi kowa saurin gane su. Ruwan sama idan ya sauka a fako ba ya shiga, gangarewa yake yi. Idan ya sauka a jigawa yana shiga, amma ya zurare ya wuce. Fadama ce ke karɓar ruwa ta kuma riƙe shi. Ƙarfe fako ne ga igiyar rediyo, madubi ne da ke maido da komai. Leda da busasshen katako jigawa ne, igiya ta shiga ta fita ba abin da ya same ta. Abin da ake nema shi ne fadama: fuskar da igiya za ta ratsa ba ta ji ta bar iska ba, da cikin da zai gajiyar da ita har ƙarfinta ya koma ɗumi. Masana na auna wannan da abin da suke kira turjiya. Turjiyar sarari om 377 ce, kuma duk fuskar da turjiyarta ta yi nisa da wannan adadi za ta maido da igiyar. Matsalar ita ce abubuwan da suka iya cin igiya, irin su gawayi da garin ƙarfe, su ne kuma suka fi kama da fako. A zuba kaɗan, igiya ta wuce. A cika, ta yi tsalle daga ƙofa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta wa masana neman mafita, saboda bayyanar rada, na'urar da ke gano jirgi ta hanyar aika igiya da sauraren dawowarta. Wani Ba'amurke, Winfield Salisbury, ya fito da dabara mai sauƙi wadda aka yi wa rajista da sunansa a 1952. A sami fallen ƙarfe, a kafa wani siririn falle mai turjiyar om 377 a gabansa, a bar tazarar rubu'in zango a tsakaninsu. Igiyar da ta ratsa ta bugi ƙarfe ta dawo ta yi tafiyar rabin zango, don haka tudunta zai faɗa daidai kwarin wadda ta dawo daga fuska, su kashe juna. Dabara ce mai kyau, amma ga inda gizo ke saƙa. Allon da aka auna wa megahaz 900 zai buƙaci tazarar santimita 8 da ɗoriya. Idan igiyar megahaz 1,800 ta zo, wadda ita ma wayoyinmu ke amfani da ita tun zuwan GSM a 2001, wannan tazara ta zama rabin zango, allon kuma ya koma madubi tsantsa. Makulli ne mai mabuɗi ɗaya.

Jamusawa sun gamu da wannan matsala a kan bututun shaƙar iska na jiragensu na ƙarƙashin teku, wanda radar Ingila ke hangowa. Sun ƙera abu biyu. Na farko roba ce da aka cuɗa da garin ƙarfe, kaurinta bai kai santimita ɗaya ba, amma aikinta ya tsaya ne a kewayen gigahaz 3. Na biyu, wanda ke ɗauke da sunan Jaumann, fallaye ne da yawa a jere, turjiyarsu na raguwa sannu a hankali daga waje zuwa ciki, kuma yana aiki tun daga gigahaz 2 har zuwa 15. Kaurinsa kuwa ya haura santimita 7. Wato tun a shekarun 1940 cinikin ya bayyana ƙarara: mai son siriri ya haƙura da faɗi, mai son faɗin zanguna ya ɗauki kauri da nauyi.

An shafe fiye da shekara hamsin ana ganin kamar rashin dabara ce ta jawo haka, har zuwa shekarar 2000, lokacin da wani masani ɗan Rasha, Konstantin Rozanov, ya tabbatar da lissafi cewa iyaka ce ta halitta. Abin da ya nuna shi ne, matsotsin da aka ɗora a kan ƙarfe, wanda babu maganaɗisu a cikinsa, idan ana son ya shanye kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin igiya, kaurinsa ba zai taɓa yin ƙasa da kashi ɗaya cikin 17 na tazarar da ke tsakanin zango mafi tsawo da mafi gajarta da ake son ya rufe ba. Mu gwada da wayoyinmu. Daga santimita 33 zuwa santimita 9 akwai tazarar wajen 24. A raba da 17, a sami kusan santimita ɗaya da rabi. Idan kashi 99 ake so, kaurin ya ninka. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da lissafi ya yarda da shi. Abin da hannu ke iya ƙerawa kullum ya fi haka kauri.

Akwai ƙofa ɗaya da dokar ta bari, ita ce maganaɗisu. Sinadarin ferayit, wanda Japanawa biyu, Yogoro Kato da Takeshi Takei, suka samar a 1930, yana ba da damar a yi tayil mai kaurin milimita 6 ko kusa da haka, ya shanye igiyoyi daga megahaz 30 zuwa 1,000. Kuɗinsa nauyi ne, domin murabba'in mita ɗaya kan kai kilo 30, ga tsada, kuma ƙarfin maganaɗisun na dusashewa idan an hau sama cikin gigahaz. A 2008 wasu masana a Amurka suka fito da wata hanya: a zana ƙananan siffofin tagulla a kan allo, kowace ba ta kai zango ba, su riƙa kama igiya kamar tarko. Allon nasu bai wuce milimita ɗaya ba, aka yi ta yayatawa. Sai dai shi ma a zango guda yake aiki, kamar yadda Rozanov ya faɗa. Yawancin abin da masu zane ke yi tun daga lokacin, da jera siffofi masu girma daban-daban, da liƙa musu ƙananan turjiyoyi, da saƙar zuma, da sakin kwamfuta ta gwada dubban haɗe-haɗe, duk ƙoƙari ne na matsawa kusa da iyakar. Aiki ne mai daraja, amma iyakar na nan inda take. Ko jirgin yaƙin Amurka F-117, wanda aka ƙera don ya ɓace wa rada, an kakkaɓo shi a Sabiya ranar 27 ga Maris 1999, kuma an ba da rahoton cewa tsohuwar rada mai dogon zango ta taimaka wajen gano shi. Fentin da zai rufe zanguna tun daga gajeru har zuwa mita 2 sai ya kai wajen santimita 12, jirgi kuwa ba zai tashi da wannan riga ba.

Wani hanzari ba gudu ba. Wannan lissafi ya isa ya kare aljihun mai karatu daga masu tallar ɗan fallen da ake mannawa a bayan waya, wai yana tsotse illar igiyoyi. Abin da bai kai kaurin farce ba, faɗinsa bai wuce kwabo ba, ba zai yi abin da jirgin miliyoyin daloli ya kasa ba. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gurfanar da wasu kamfanonin da ke sayar da irin wannan kaya tun a 2002. Abin dariyar ma shi ne, da zai tare igiyar da gaske, wayar ƙara ƙarfi za ta yi don ta riski turken sadarwa, tunda haka aka gina ta.

Mu koma Aliero. Dokar Rozanov takura ce ga wanda ba shi da wuri, kamar mai ƙera jirgi ko waya. Wanda yake da fili, kauri ba ya damunsa. Akwai kuwa wani aiki guda da ake maraba da kauri a cikinsa, shi ne ɗakin da ba ya amsa kuwwa, inda ake gwada eriya da duk na'urar da ke aika igiya ko karɓarta. Ana rufe ɗakin da ƙarfe don kada igiyar waje ta shigo, sannan a lulluɓe cikinsa da dubban ƙananan dala masu tsini, siffar dalar gyadar Kano. Hikimar tsinin ita ce igiya ta tarar da iska da yawa da matsotsi kaɗan a farko, tana kutsawa matsotsin na ƙaruwa, ba ta ankara ba ta nutse. Wadda ta kuskure kuma ta yi ta karo tsakanin dala da dala har ta mutu. Na kanti da soson roba mai gawayi ake yin su, daga waje ake shigo da su da dalar Amurka, ga cin wuri a kwantena.

A nan ɓuntu ya shigo. Yana ɗauke da kabon mai yawa, wanda shi ne ke cin igiya, ga kuma silika, sinadarin yashi, wanda ya sa shanu ba sa jin daɗinsa amma yake ba shi ƙwari da juriyar ruɓa. Ga ƙananan ramukan iska a jikinsa, waɗanda ke kusantar da turjiyarsa ga ta sarari. A 2010 masana a jami'ar Perlis ta Malesiya, yankin da shi ma noman shinkafa ne abin yinsa, suka wallafa binciken dalar da suka yi da niƙaƙƙen ɓuntu da danƙon kanti, suka nuna tana iya aikin a zangunan gigahaz. Daga baya suka gwada haɗa shi da garin tsohuwar taya, suka kuma gwada totuwar rake. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya yi wa Jega nisa.

Na yi ɗan lissafi. Ɗaki mai mita 4 a tsaye, 4 a kwance, tsayi mita 3, fuskokinsa shida sun kama murabba'in mita 80. Idan gindin kowace dala santimita 10 ne ta kowane ɓangare, ana buƙatar 8,000. Mai tsayin santimita 30 cikinta lita ɗaya ne daidai. Ko an haɗa da shimfiɗar da za su zauna a kai, ɓuntun ba zai kai tan 10 ba, abin da tifa ɗaya ko biyu za su kwaso daga bayan injin. Ma'aunin farko ma ba ya buƙatar ɗakin. Akwai tsohuwar hanya da sojojin ruwan Amurka suka ƙirƙiro: a kafa bakan katako, a rataya eriya biyu masu bakin kakaki, ɗaya ta aika ɗaya ta karɓa, a auna fallen ƙarfe tsirara, sannan a ɗora masa samfurin a sake aunawa. Kafinta zai yi bakan, mai walda zai lanƙwasa kakakin idan aka ba shi awo. Abin da sai an saya shi ne na'urar da ke kwatanta igiyar da ta tafi da wadda ta dawo, kuma irin wannan sayayya ce aka kafa asusun TETFund dominta.

Dalilin da ya sa na dage a kan awo shi ne wata al'ada da ta yi katutu a jami'o'inmu. Ɗalibi ko malami zai zana matsotsi a kwamfuta, ya sami layi mai kyau a allo, ya aika wa mujalla, a ƙirga masa wajen ƙarin girma, abin kuma bai taɓa shigowa duniya ba. Da yawan waɗannan takardu kan yi alƙawarin siriri da faɗi a lokaci guda, kuma da mai duba takardar zai raba da 17, da wasu ba su fita ba. Ba zan ce a daina binciken siraran matsotsai ba, amma fagen ne da ƙasashen da ke da masana'antun yaƙi da na wayoyi suka zuba dukiyarsu, ba kuma lallai su bayyana abin da suka fi ji da shi ba. Garin da ake zuwa daga nesa don ɗorin karaya da sayen albasa ya san amfanin riƙe abin da wasu ba su da shi. Ɗakin gwaji ko ƙarami ne zai ba ɗalibin da ya ƙera eriya damar sanin ko tana aiki, kuma jami'o'in maƙwabta za su zo haya.

Kada kuma a ɗauka abin ba shi da ƙaya. Dalar ɓuntu ta fi ta soso nauyi nesa ba kusa ba, don haka rataya ta a silin sai an yi shiri. A ƙasa da gigahaz 1 zanguna sun yi tsawo, dalar za ta nemi mita guda ko fiye, a nan babu makawa sai ferayit. Gara a tsaya daga gigahaz 2 zuwa sama, inda Wi-Fi da 5G suke. Akwai gara, akwai ɓera, akwai gobara, tunda ƙarfin da aka tsotse zafi yake komawa. Danƙon da 'yan Malesiya suka yi amfani da shi na masana'anta ne. Ko ƙaro ko sitacin rogo zai iya maye gurbinsa, tambaya ce da sai gwaji zai amsa. Haka batun babbaka ɓuntun ya zama gawayi: tsakanin digiri 600 da 800 yadda yake ɗaukar lantarki na sauyawa ƙwarai, wanda bai ƙonu ba jigawa ne, wanda ya ƙone da yawa fako.

Babbar ƙaya ita ce laima. Ruwa da kansa yana cin igiyoyin gigahaz, da shi ne ma murhun dumama abinci na zamani ke aiki, don haka ɓuntun da ya sha raɓa ba zai yi hali ɗaya da busasshe ba. Malesiya ƙasa ce mai laima duk shekara. Kebbi kuwa tana da Maris da leɓe ke tsagewa, da Agusta da gishiri ke narkewa a kwano. Ɗakin awon da ke sauya hali da sauyin yanayi ba shi da amfani ga kowa. Saboda haka gwajin farko ba na dala ba ne. A yi fallaye goma sha biyu daga ɓuntun inji ɗaya, a shafa wa rabinsu abin da zai hana su shan laima, a bar sauran haka nan, a ajiye su a ɗaki guda a Aliero, a riƙa ɗora su a sikeli da ƙarƙashin bakan katakon nan sau ɗaya a wata, daga wannan hunturu zuwa na baɗi.